Santin Baba Cindo a Gaban Hajiya

Wani mutum ne a gidan kula da tsofaffi na garinmu, ana ce masa Baba Cindo. Tsohon direba ne. Bakinsa ya fi motar da ya tuƙa gudu. Wai shi da manya ya saba ci, babu teburin da bai zauna ba daga Legas har Agadas.

Ana ajiye masa kwano sai ya yamutsa fuska.

"Wannan miya ce ko ruwan wankin hannu?"

Asabe mai girki ta ce, "Baba, kowa fa ya ci ya gode."

"Kowa bai san abinci ba. Kifin rijiya me ya sani?"

Sai ya ture kwanon. Don kada yunwa ta kwantar da shi, aka riƙa soya masa ƙwai shi kaɗai, a haɗa masa da shayi mai kauri. Dama abin da yake nema ke nan. Raina abinci rashin tarbiyya ne, ko da furfura har gira.

Ƙorafi ya kai kunnen Hajiya Dudu, wadda ta gina gidan. Ta ce za ta zo ta gani da idonta. In girkin ne ba shi da kyau, a sallami Asabe. Ita kuwa Asabe da wannan aiki take ciyar da marayunta.

Baba Cindo ya shirya tsaf. Ya raɗa wa Malam Ilu, makahon da suke cin abinci a tabarma ɗaya, "Loma guda zan yi in tofar. Daga yau har nama sai sun ƙara mini."

A ranar, Asabe ta tuƙa tuwon dawa mai laushi, ta kaɗa busasshiyar kuɓewa da daddawa, ta malala man shanu. Hajiya ta ja kujera ta zauna gabansa.

"Bismillah, Baba. Ci ka faɗa mini gaskiya."

Ya gutsura da yatsa biyu kamar mai taɓa wuta. Ya kai baki. Ya tara yawu zai tofar, lomar ta yi sulul ta wuce.

"Ban ji da kyau ba," in ji shi. Ya ƙara.

Ta uku da yatsa biyar ya yi ta. Hula ta karkace. Gumi ya keto. Ba ka jin komai sai lam, lam, muƙut. Can ya lumshe ido, ya dubi bango ya ce, "Hajiya, wannan katanga taku akwai ladabi."

Ya sake kai loma, ya nuna tsakar gida da haɓa.

"Ko agwagwar can ma, in da za ta samu lasin, tirela za ta ja."

Wata tsohuwa ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki. "Jama'a, santi yake yi. A ba shi ruwa kada ya ba mu kyautar gidan ubansa."

Baba Cindo ya farga. Ya gyara hula, ya murtuke fuska, amma hannun bai daina aiki ba.

Hajiya ta ce, "To, Baba, yaya girkin?"

"Ba daɗi," in ji shi, yana karkata kwano yana suɗe gefe. "Sam. Gishiri ya yi kaɗan. Don dai kada a yi almubazzaranci ne."

Hajiya ta dubi Asabe ta ce ta ci gaba da aikinta, ƙwai kuma daga yau na marasa lafiya ne.

Sai ga Malam Ilu yana lalube a tabarma, hannu nan, hannu can. Ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, tunda ba daɗi, a ce masa ya sakar mini kwanona. Nasa tun ɗazu ya gama da shi."