Daudawar Surukata

Ko na manta sunana ba zan taɓa mantawa ba da girkina na farko a gidan miji, a Madarunfa, shekarar da ta biyo bayan fara. Gari ya sha yunwa, rumbuna wayam, bikina ma da kunun dusa aka yi shi.

Surukata, Inna Hajo, tana da wata dabara da ba mu sani ba a garinmu Gabi. Da kaka takan bi daji tana tsinto irin tafasa, gasaya da yoɗo, ta kwaɓa shi da laka da toka da kashin awaki, ta dunƙula ƙanana ta shanya, don kada tururuwa ta kwashe. Ruwan farko na sauka sai ta watsa bayan gida. Su yi fure fari da rawaya, ganyensu kuma ya riƙe gida kafin gero ya nuna. A kakar da ta wuce fara ta cinye daji, sai da tsohuwar ta taka har bayan Safo kafin ta tara ɗan abin da ya cika ƙoƙo. Duk wannan daga baya na ji.

Ranar girkin na nemi daudawa na rasa. Amarya kuwa ba ta buɗe baki ta tambayi suruka, ai rashin kunya ne. Sai na hango ƙoƙo a ƙarƙashin rumbu, cike da dunƙule baƙaƙe masu ɗan wari. Na ce alhamdu lillahi. Na juye duka a turmi (duka fa, wai ni mai son a yaba hannuna), na kirɓa, na zuba a miyar kuka. Ban ɗanɗana ba, kada a ce amarya makwaɗaiciya ce.

Baban mijina ya kai loma ɗaya. Daga ɗaki na ji haƙoransa sun ce ƙaras. Mijina, bawan Allah, ya haɗiye tasa ya sake yankowa.

Inna Hajo ta dubi miyar. Ta tashi ta leƙa ƙarƙashin rumbu, ta dawo da ƙoƙon a kife.

"Ɗiyata," ta ce, "abincinmu na damina kika dafa mana da rani."

Da ta zage ni da na ji sauƙi. Na yi kuka har mayafina ya jiƙe.

Damina ta zo, bayan gidanmu fetal, ba fure ba ganye. Inna Hajo, da gwiwarta mai ciwo, ita ta riƙa bin maƙwabta tana roƙon tafasa, don ba ta yarda amarya ta yi roƙo ba. Abin da ta samo ta raba mana, ta ce ita ta ƙoshi.

Yau na tsufa, jikokina suna mini dariya wai ko gishiri aka miƙo mini sai na ce, "Mene ne wannan?" Su yi ta yi. Ni na san kunyar da ta sa tsohuwa kwana da yunwa.