Bokiti Uku Kowace Safiya

"…ya gajiya kuma? Au, na manta, mai walda ba ya gajiya, sai dai ya makance."

"Lafiya lau, tsohuwa. Na zo duba gawar."

"Rage murya, tana ji."

Mai jin nan ƙaramar bas ce mai kujeru bakwai, wadda marigayi mijin Kaka ya bari a tsakar gida shekara shida da suka wuce. 'Ya'yan Kaka sun gama shawarar sayar da ita ga masu sayen tsofaffin ƙarafa, suka turo jikanta mai walda ya duba. In ya ce ta mutu, ranar Asabar za a zo a ja ta. Kaka ta san da haka, shi ya sa ta tare shi da faɗa tun daga bakin ƙofa.

Ya yaye tamfol ɗin da aka rufe motar da shi, ruwa ya kwararo masa cikin takalmi. Ya ja ƙofar gefe, ta yi ƙara ta tsaya a rabi.

"Ba kowa take buɗe wa ba," in ji Kaka. "Sai mai mutunci."

"Tsatsa ce ta cinye layin ƙofar."

"Jan fenti ne. Haka ake yin su a da."

"Fentin da ke zuba kamar garin barkono?"

"Kai ma gashin kanka ya fara zuba, wa ya kira maka masu ƙarafa?"

Ya ɗaga shimfiɗar robar da ke ƙasan kujeru, ya danna ƙarfen da babban yatsa. Yatsan ya wuce. Ya leƙa ramin, suka haɗa ido da kaza.

"Kaka, ga kazarki ina gani ta ƙasan motar."

"Kakanka ne ya sa aka yi tagar, saboda zafi."

"Guda nawa ya sa aka yi? Na ƙirga biyar."

"Mutum ne mai son iska. Ba irinka ba, mijin da ko mafici bai taɓa saya mini ba."

Robar a jiƙe take sharkaf, alhali an yi wata biyu ba a ga ruwan sama ba. Ya tambaye ta dalili. Ta amsa da alfahari cewa kullum da safe takan wanke motar ciki da waje, bokiti uku da garin sabulu, sannan ta yi maza ta rufe kafin ƙura ta sauka. Marigayin, in ji ta, bai taɓa yarda motarsa ta wuni da datti ba, ita kuwa ba za ta fara a bayan idonsa ba.

Mai walda ya dubi hannayenta da sabulu ya busar, tausayi ya kama shi sosai. Amma jika ba ya nuna wa kaka tausayi a fili.

"Tsohuwa, ba tsufa ke kashe motar nan ba. Wanka ne."

"To kai za ka yi shekara ɗari."

Ta faɗa, amma ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon bokitin da ke kife a gindin taya, sannan ta tambaya a hankali, "Me za ka ce musu?"

Ya ɗauko guduma ya kwanta ƙarƙashin motar, yana bin manyan ƙarafan da ke riƙe da ita yana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya. Duk suka amsa da ƙarfi. Ya fito yana kaɗe jan gari daga gashin ido.

"Zan ce musu irinki ce. Fatar ta tafi, ƙashin ya ƙi. Fallen ƙarfe biyu da aikin kwana huɗu, amma da sharaɗi: bokitin nan da ni zai tafi."

"Ɗauka. Dama kai ka fi bukatarsa."

Ta kwance bakin zanenta ta ciro makullin, wanda shekara shida ba ta ba kowa ya riƙe ba, ta danƙa masa a tafin hannu.

"Ka yanke duk inda ka ga dama, amma kujerar direba kar ka taɓa."

Ya dubi kujerar. Soson ya lotsa a tsakiya, daidai zaman mutum ɗaya.

"Wannan ai ba ta lalace ba," ya ce.