Muƙaddashi da Matoyar Tukwane

Duk wanda ya ce manyan mutane sun ƙare, bai taɓa shiga ofishin Muƙaddashin Daraktan sashen kayan tarihi ba. Mutum ne da Allah Ya hore wa murya, Ya kuma hore masa ƙin barin ta ta huta. A bango hotonsa ne, a kan tebur ma hotonsa ne yana kallon na bangon. Abu guda ne ke ci masa rai, kalmar nan ta Muƙaddashi. Ya daɗe yana riƙon kujerar har masinjoji sun manta ainihin sunansa, matarsa ma in ta yi fushi da ita take kiransa. Shugaban hukumar kuwa ya ce ba zai tabbatar da shi ba sai ya ga wani abin a zo a gani.

Sai ga abin ya fito daga ƙasa da kansa. Wani manomi yana gyaran gona, garmarsa ta tono tarin fasassun tukwane. Jami'a ta turo wata Dakta da ɗalibanta. Suka ja igiya, suka durƙusa da cokalin gini da buroshi, suna kankare ƙasa kamar masu tsoron kada su tashe ta daga barci. Abin da suka samu tsohuwar matoya ce, wato ramin da matan wani gida suka riƙa gasa tukwanen girkinsu. Akwai jan bangon da wuta ta ci, akwai toka da gawayi, da tukwanen da suka tsage a wuta aka watsar.

Muƙaddashi bai ga dalilin da zai sa a kira abu da ƙaramin suna ba. Kafin motarsa ta isa ƙauyen, matoyar ta zama Babbar Masana'antar Magabata.

Ya riƙa zuwa duba aiki cikin fararen kaya, abin da ke nuna zurfin tunaninsa, domin mai fararen kaya ba a sa ran ya matsa kusa da rami. A gindin wata bishiya can bakin hanya ake ajiye masa kujera. Daga nan yake hango kawunan ɗalibai, yana yi musu bayanin abin da suke gani.

"Ni tarihi ba karanta shi na yi ba kawai," in ji shi, "a jinina yake. Ko rufe min ido aka yi, ƙafata za ta kai ni inda magabata suka taka."

Dakta takan fito daga rami, ta kakkaɓe gwiwa, ta zo ta gaishe shi.

"Yallaɓai, dama maganar bayan mun gama ce. Tunda damina ta matso, mai gona kuma..."

"Na sani, Dakta, na sani! Bayan kun gama sai biki. Ku dai yi haƙa, ku bar mana tunani."

Ta sake gwadawa wata rana, ta kai har "za mu mayar da". Ya ɗaga mata hannu, ya ba ta labarin wani taro inda ya yi jawabi har mai fassara ya nemi ruwa. A ƙarshe ta rubuto masa a takarda. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi fifita da ita.

Abin da take son faɗa ba wani sirri ba ne. Masu irin wannan aiki in sun auna, sun zana, sun ɗauki hoto, sun kwashe abin da za su kwashe, sai su shimfiɗa leda su mayar da ƙasa, don kada ruwa ya cinye wurin. Haka suka yi. Ruwan farko ya sauka ya shafe sawunsu, gona ta koma gona.

Muƙaddashi yana birni yana fama da manyan al'amura: kalar ƙyallen da za a yanke, da girman harufan sunansa a jikin allo. Ya sa mai rubutun ya bar kalmar Muƙaddashi da ƙananan harufa, yadda gogewa ba za ta yi wuya ba. Ranar biki bai riga kowa zuwa ba, don ba ya son a ba wani gurbinsa a motar Shugaba. Masu kafa rumfa suka isa da safe, suka nemi inda ya fi lafewa a gonar, suka jera kujeru.

Jawabinsa ya yi daɗi. Ya faro daga halittar yumɓu, ya biyo ta kansa, ya daɗe a nan. Da rana ta take, Shugaba ya duba agogo, ya karɓi almakashi.

"To madalla. Ina wurin?"

Muƙaddashi ya juya ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a iska. Gabas ƙasa, yamma ƙasa. Amma babban mutum ba ya rasa hanya a gaban jama'a. Ya ce a biyo shi. Aka bi shi, manya da 'yan jarida da masu riƙe da ƙyalle, takalma suna nutsewa a taɓo. Suka zaga gonar, suka sake zagawa. Can a ƙuryar shinge Allah Ya taimake shi da wani rami, ya tsaya a bakinsa ya cire hula.

"Jama'a, ku shaƙa! Wannan ƙamshin zamanin da ne."

Jama'a suka shaƙa, suka ja da baya. Wata kaza ta fito daga ramin tana kakkaɓe jiki. Shugaba ya toshe hanci da hankici, ya sa aka kira Dakta daga layin baya inda aka zaunar da ita.

"Ranka ya daɗe, wannan ramin takin mai gona ne," ta ce a hankali. "Matoyar mun rufe ta. Tana ƙarƙashin rumfa, daidai inda ka zauna."

Shugaba mutum ne mai sanyin hali. Ya dubi takalmansa, ya dubi Muƙaddashi, ya ce lallai wanda tarihi ke cikin jininsa haka, zalunci ne a kulle shi a ofis. A gaban kowa ya naɗa shi Mai Kula da Wurin, cikakke, ba riƙo ba. Aka tafa sosai, har da masinjoji.

Yanzu kullum Mai Kula da Wurin yana gindin bishiyar da teburinsa, masara ta kai ƙugu a kan Babbar Masana'anta. Mai gona yana ganin girmansa ƙwarai. Duk sanda zai tafi cin abinci sai ya rusuna ya ce, "Yallaɓai, tunda kana zaune, in awaki sun shigo a taimaka."

Yana kuwa taimakawa. An ce ko kara ba ya ɗauka. Jawabi yake fara musu, su fita da kansu.