Nomau da Teburan Yaya Delu

Ku gyara zama ku ji labarin Nomau. A Mararrabar Ɗorawa, inda motocin kasuwa ke tsayawa direbobi su ci abinci, akwai wata mata ana ce mata Delu. Mijinta ya rasu ya bar mata rumfar abinci a bakin titi. Da rumfar nan take ci, da ita take sha, da ita take riƙe da tsohuwarsu, Inna Tabawa, da kuma ƙaninta Nomau. Shi Nomau ba yaro ba ne, gemunsa har ya fara furfura. Allah ya ba shi ƙarfi, ya ba shi farar zuciya, sai dai duk maganar da aka faɗa masa, yadda ta shiga kunnensa haka take fita ta hannunsa, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a gindin bishiya, ko ruwa ake da ƙanƙara a nan za ka same shi.

A madafar Delu akwai dakalin siminti da marigayi ya gina, inda ake ajiye tukwane. Akwai teburin fomika, wato allo mai lulluɓin roba mai santsi da zanen furanni, da 'yarta ta aiko daga birni. Akwai teburin ƙarfe da mai walda ya haɗa, sai kuma tsohon teburin katako inda ake yanka nama da albasa.

Wata rana duba-gari ya zo, wani dogon mutum mai suna Malam Hashimu, da tocila a aljihu. Ya shafa yatsa a kan dakali ya duba, ya shafa a kan katako ya shinshina. Ya so ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashi, sai ƙugunsa ya amsa, ya miƙe da ƙyar yana dafe da baya. Ya ce, "Mai abinci, zan dawo, kuma ba zan faɗa miki ranar ba. In na tarar da wurin nan haka, zan garƙame rumfar nan." Ya hau babur ya tafi. Delu ta yi tagumi. Nomau ya dubi yayarsa, abin ya taɓa masa zuciya, ya ce, "Yaya, ki sa ni aiki." Ta dube shi ta dubi tukwanen da ke jiranta a kan wuta, ta ga hannunta biyu ne kawai. Ta ce, "To, Allah ya sa mu dace."

Wata rana da sassafe ta ba shi yashi da toka da ɓawon kwakwa, ta nuna masa dakalin siminti. Ta ce, "Ka goge mini shi, kada ka tsaya sai ka ga fuskarka a ciki." Nomau ya durƙusa ya kama guga. Hantsi ya yi, ya leƙa, bai ga kowa ba. Ya ƙara yashi. Azahar ta yi, ya je ya yi salla ya dawo ya leƙa, har yanzu siminti ne kawai yake kallonsa. Ɓawon kwakwa ya ƙare, ya ɗauko dutse. Can wajen la'asar tsakiyar dakalin ya lotsa ya zama kamar akushi. Ya zuba ruwa don ya ɗauraye, ruwan ya taru a cikin ramin ya kwanta, sai ga wani mai gemu yana leƙo shi. Ya daka tsalle. "Yaya! Yaya! Na gan ni!" Delu ta zo da gudu da ludayi a hannu. Ta ga rami a dakalin mijinta, ta yi salati. Amma da ta rasa inda za ta ajiye ƙwaryar ƙullun da kullum take mirginawa, sai ta ɗora ta a ramin, ƙwarya ta zauna daram. Ta yi ƙwafa ta koma kan tukwanenta.

Wata rana ta ce masa, "Jeka goge teburin furanni." Nomau ya ji daɗi, don yanzu ya san yadda ake aikin. Ya ɗebo yashi da toka, ya tattara ƙarfinsa ya hau fomika. Jajayen furanni suka fara tafiya, shuɗaye suka bi su, kafin ruwan tuwo ya tafasa tebur ya zama fari fat kamar garin rogo. Delu ta shigo ta tsaya cak.

"Ina furannina?"

"Sun fita, Yaya. Sun yi taurin kai amma na fi su."

Ta dafe kai. "Nomau, kowane abu da irin wankinsa. Yashi na siminti ne. Abu mai santsi lallaɓa shi ake yi kamar jariri, da ruwan ɗumi da tsumma mai laushi. Ka ji?"

"Na ji. Mai santsi, jariri."

Wata rana aka zo kan teburin ƙarfe. Nomau ya shafa shi da tafin hannu, ya ji santsi, ya gyaɗa kai. Ya ɗumama ruwa, ya tsoma gwiwar hannu ya gwada zafinsa yadda ya ga mata na yi. Ya yi wa tebur wanka a hankali, har da bayan ƙafafu. Ya shafe shi da man kaɗanya, ya barbaɗa masa hodar Inna, ya lulluɓe shi da sabon zanen Delu, ya zauna a gefe yana yi masa fifita. Sai ga Mati direba ya faɗo rumfar da hayaniyarsa, yana kiran a kawo masa tuwo malmala biyu.

Nomau ya ɗora yatsa a baki. "Sannu-sannu, Mati. Yanzu ya samu barci."

Mati ya ɗaga gefen zane ya leƙa, ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. "Kai, barka da arziki, Nomau! Yaushe ne suna?"

"Sai abin da Yaya ta ce."

Delu ta fito ɗauke da kwanon miyar kuka mai zafi. Ta fizge zanenta, ta dire kwanon a kan tebur. Kwano ya ji mai a ƙarƙashinsa, ya kama hanya sulululu, ya wuce ƙarshen tebur, ya sauka a cinyar Mati. Dariya ta koma ihu. Sauran direbobi suka riƙe ciki, wani ya ce jaririn ya yi wa baƙo maraba. Da ƙura ta lafa Delu ta ja ƙaninta gefe ta ce, "Ƙarfe ba ya son mai. A wanke shi da sabulu, a tsane shi ya bushe, shi ke nan. Katako ne mai shan mai. In ya bushe yana tsagewa, sai a ba shi ya sha har ya ƙoshi."

Wata rana Nomau ya dubi tsohon teburin katako, ya ga ya yi furu-furu duk ya tsattsage, sai tausayi ya kama shi. Ya ɗauko galan ɗin man gyaɗa da Delu ta tanada don suyar ƙosai, ya tsiyaya masa kaɗan. Katako ya shanye. Ya sunkuya ya tambaye shi, "Ka ƙoshi?" Shiru. Nomau ya yi murmushi, don ya san halin baƙo mai kunya, ba ya buɗe baki ya ce a ƙara masa. Ya ƙara. Ya sake tambaya, shiru. Ya ce, "Haba, kada ka ji nauyi, nan gidanku ne." Haka ya yi ta ƙarawa har ya kifa galan ya bubbuga gindinsa. Mai ya malala ta ƙafafun tebur ya yi kududdufi a ƙasa, kiyashi suka yi layi tun daga tasha. Ran nan Mararrabar Ɗorawa ba ta ci ƙosai ba. Delu ta kai ƙara wurin tsohuwa. "Inna, ki yi wa ɗanki magana, zai kashe ni da raina." Inna Tabawa tana ɓarar gyaɗa, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "Ni tun yana goye nake aikensa bai taɓa ɓata mini ba. Ke ce bakinki ya cika ado."

Wata rana, ranar kasuwar Gangare, Mati ya tsaya bai ko kashe mota ba, ya leƙo ta taga ya ce, "Delu, mutuminki yana hanya. Na baro shi ya rufe rumfar Asabe da ta mai shayi. Nan ya nufo." Delu ta miƙe zumbur. Ga shi ba ta da nama, dole ta je wurin mahauta. Ta yafa gyale ta ce, "Nomau, yau ce ranar. Ka wanke mini wurin nan sama da ƙasa, har inda ido ba ya gani. In aka rufe rumfar nan, ni da kai da Inna ba mu da abin kaiwa baki." Ta fita da sauri.

Nomau ya tsaya a tsakiyar madafa yana juya maganar. Inda ido ke gani ya sani, ya sha wanke shi. To ina ne ido ba ya gani? Ya dubi teburin katako, ya ga samansa, bai ga cikinsa ba. Sai ya sungume shi ya fitar da shi rana, ya kifa shi ƙafafu sama. Ashe gara ta yi gini a ƙarƙashinsa, ga tsohon maiƙon nama ya daskare ya yi baƙi. Ya fito da na ƙarfe ya kifa, ga tsatsa ga yanar gizo. Ya zo kan na fomika ya kifa, ya ga har yanzu akwai inda bai gani ba, wato tsakanin fatar fomikar da allon da aka manna ta. Ya sa yatsu a gefen da ya ɗan ɗago, ya ɗaye ta gaba ɗaya, ɓaraaak! Sai ga kyankyasai sun ɓarke kamar an watse daga kasuwa, manya da ƙanana, har da ƙwayayensu jere a ruɓaɓɓen allo. Kajin unguwa suka ji labari suka zo suka yi walima.

Sai ya tafasa ruwa ya shiga aiki. Wannan karon darussan suka zo masa ɗaya bayan ɗaya. Siminti ya sha yashi da toka har bayan dakalin da ke jikin bango. Ƙarfe ya sha sabulu, aka tsane shi ƙarau. Katako ya sha ruwan zafi, aka kankare gidan gara, aka bar shi yana shan rana. Fatar fomika kuwa, da yake mai santsi ce, ya wanke ta a hankali da ruwan ɗumi ya shanya ta a inuwa.

Delu ta dawo da nama a kai. Ta ga rumfarta wayam, teburanta a bakin titi ƙafafu sama kamar matattun jakuna, kyautar 'yarta an feɗe ta, kaji suna ta tsattsaga. Ta zauna daɓas a ƙasa. "Wayyo Nomau, ka gama da ni!" Ba ta rufe baki ba sai ga ƙarar babur.

Malam Hashimu ya sauka fuska a murtuke, ya zaro tocila. Ya dubi tebur na farko, ya ga cikinsa a buɗe yana kallon sama, rana ta haske shi tas. Ya dubi tocilar hannunsa, ya mayar da ita aljihu. Ya zaga na biyu, ya zaga na uku, a tsaye kyam, bai sunkuya ko sau ɗaya ba. Ya shafa yatsa ya duba, ya shinshina. Ya shiga madafa ya leƙa bayan dakali. Ya fito ya tsaya a kan allon fomikar, inda kaji ke ƙarasa aikinsu.

"Wa ya ce a ɗaye wannan?"

Delu ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, Nomau ya riga ta. "Yaya ce. Ta ce har inda ido ba ya gani."

Malam Hashimu ya juya ya dubi Delu da ke zaune a ƙasa, fuskarsa ta saki. Ya ce, "Baiwar Allah, tun safe nake yawo. Duk inda na je sama na ƙyalli, in na sunkuya sai in ga abin da zai hana ni cin abinci. Ƙuguna kamar zai ɓalle. Ke kaɗai kika san inda ƙazanta take kwana. Ki sa kafinta ya canza wannan allon, sauran kuwa ban da magana." Ya ɗaga murya yadda masu rumfunan da suka taru kallo za su ji. "Ku zo ku ga yadda ake yi!" Sannan ya ja benci ya zauna, ya ce in akwai tuwo a zuba masa.

Direbobi suka ɗauki sowa. Mati ya kama hannun Nomau ya ɗaga sama yana yi masa kirari, Inna Tabawa ta rangaɗa guɗa daga bakin ƙofa. Nomau dai yana ta murmushi, bai san me ya yi ba, ya dai ga hawayen Yaya sun koma dariya, wannan kuwa ya ishe shi.

Da aka mayar da tebura Delu ta shimfiɗa wa Nomau tabarma ta ce, "Ɗan'uwana, yau ka fitar da ni kunya. Zauna ka huta, kada ka ƙara taɓa komai." Ta shiga ta zubo masa tuwo, ta tsamo masa tsokar da ta fi kowace girma, ta ajiye a gabansa ta koma wurin masu ciniki. Can da ta waiwayo sai ta gan shi zaune, hannuwa biyu a sama, yana kallon naman yana haɗiyar yawu, tuwo har ya fara hucewa.

Ta zo ta durƙusa a gabansa, ta kama hannunsa na dama ta saukar da shi cikin kwanon da kanta. Ta ce, "Wannan kam taɓa shi, Nomau. Har inda ido ba ya gani."

Ya kuwa sharce kwanon nan, ya kifa shi ya duba gindinsa. Nan labarin ya tsaya, kowa ya tashi ya je ya leƙa ƙarƙashin teburinsa.