Ranar da Na Goya Surukina a Matakalar Jirgi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na goya surukina, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar har na gaji na bari. Yanzu tsufa ya zo, ina manta inda na ajiye tabarau, ina haɗa sunayen jikoki, amma wannan rana tana nan daram, ta ƙi tsufa tare da ni.

A lokacin garinmu bai zama Suleja ba tukuna, Abuja ake ce masa, ba a kai ga ɗauke mana sunan ba. Ina malamin firamare, sabon aure, da agogo a hannu da biro jere a aljihun gaba. Na taɓa yin kwas a Kaduna, saboda haka a unguwarmu ni ne wanda ya san duniya. (Ni ma na yarda da hakan, nan ne matsalar take.)

Surukina, Baba Saje, tsohon soja ne. Da ya bar soja sai ya kama tuƙin babbar mota, har ranar da ta kife da shi a wajen Tafa, ƙafafunsa biyu suka mutu. Tun daga nan yana kan keke. Amma kada ka ji an ce keke ka fara tausayi, don Baba ba ya son tausayi ko na sisin kwabo. Ya sa an sassare kowane dokin ƙofa na gidansa, an zuba gangaren siminti tun daga zaure har bakin masallaci, an kafa masa ƙarfen kamawa a bayan gida. Komai da kansa yake yi. Doka ɗaya gare shi, kuma kowa a gidan ya san ta: ba a ɗaukarsa. In ka tura masa keke bai ce ka tura ba, hararar da za ka sha sai ta hana ka cin tuwo. Yakan ce, "Ƙafa ce ta mutu, ba ni ba."

To, Baba yana da wa a Takoradi, can ƙasar Gana, wanda ya bi fataken goro tun yana saurayi bai sake dawowa ba. Sai aka aiko cewa tsohon ya makance, jiki ya ƙi, ba abin da yake roƙo sai ya ji muryar ƙaninsa kafin ta Allah ta kasance. Tafiyar mota har Gana ba za ta yiwu ba, bayan Baba ba zai ɗauki wannan jijjiga ba. Shi ya ce a nemi jirgin ruwa daga Ikko, ya san jirgi tun zamanin soja, mutum yana kwance a ɗakinsa har a isa. Matata Asabe, 'yarsa, ita za ta raka shi. Saura wanda zai je ofishin wakilan jirgin a Kaduna ya kama musu ɗaki. Ba wanda ya aike ni. Ni na miƙa wuya.

Da na je sallama na durƙusa a bakin zaure, kaina a ƙasa yadda ake yi wa suruki. Baba ya ce, "Malam, ka gaya musu yadda nake."

Na ce, "To, Baba."

Ofishin cike yake da mutane, fanka tana juyawa a sama ba ta ba kowa iska. Akawun wata mata ce 'yar kudu, mai Hausar Sabon Gari. Ta rubuta sunaye, sannan ta ɗago kai ta ce, "Wannan baba naka, yana da lafiya? Yana tafiya da ƙafansa?"

Jama'a, ku tsaya ku duba mini. Ni da ko sunan mutumin nan ban taɓa kamawa ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Yau kuma a ce in buɗe baki a tsakiyar baƙi in ce surukina gurgu ne? Kuma mu yadda aka rene mu, tambayar lafiya amsarta ɗaya ce, ko mutum yana kan gadon asibiti.

Na ce, "Lafiyarsa lau. Tsohon soja ne ma."

Matar ba ta haƙura ba. Ta ce akwai wani ɗaki a ƙasa, dab da inda ake shiga jirgi, ƙofarsa mai faɗi, babu hawa babu sauka, ga wurin cin abinci ga bayan gida kusa. Suna ajiye shi ne don tsofaffi da waɗanda ba sa iya tafiya. Duk bayanin nan kalma biyu kawai kunnena ya ɗauka: ƙasa, da bayan gida. Wato in kwantar da surukina a ƙasa, kusa da bayan gida, wasu yara suna taka saman kansa? Na gyara zaman hula na ce, "A sama za ki sa shi, inda manyan mutane suke."

Ta dube ni, ta dubi birona, ta ɗaga kafaɗa ta rubuta.

Na dawo gida ina ta baza labari, har na gaya wa malaman makarantarmu cewa an so a wulaƙanta Baba na hana. Da na je gaishe shi ya ce, "Ka gaya musu?" Na ce, "An gama komai, Baba." (Ka ga ai ban yi ƙarya ba. Na daɗe ina lallashin kaina da wannan.)

Tafiya zuwa Ikko kuwa ba sai na ba ka labarinta ba, don tunawa da ita ma gajiya ce. Mota zuwa Minna, daga nan jirgin ƙasa mai tsayawa ya gaida kowane ƙauye. Duk hanyar nan Baba bai bari an ɗauke shi ba ko sau ɗaya. Yana da wani faffaɗan katako da yake tafiya da shi, a jingina masa, ya ja jikinsa da hannu ya hau, a miƙa masa keke. Muka isa tashar jirgin ruwa ta Apapa ƙafafuna sun kumbura, idanuna sun yi ja, amma na sa sabuwar babbar riga da sabon wando, don a san surukin wa ake rakowa.

Jirgin da na gani sai ka ce an shafa wa Dutsen Zuma farin fenti an tura shi ruwa. Baba ya murza kekensa ya haye gadar shiga shi kaɗai, damatsansa suna murɗewa, mutane suna ba shi hanya. Na bi bayansa ina jin kaina. Wani ma'aikacin jirgi ya karɓi tikiti, ya duba, ya dubi keken, ya sake duba tikitin. Sannan ya nuna mana wata matakalar ƙarfe, siririya, a miƙe kamar tsanin rumbu.

Baba ya dubi matakalar ya daɗe. Sannan ya juyo gare ni.

"Malam, me ka gaya musu?"

Na ce, "Baba, ai... na ce a ba ka na manya."

Asabe ce ta dube ni, irin kallon da har yau in na yi wani shirme takan ɗauko shi ta ba ni.

Na ruga na tambayi ɗakin nan na ƙasa. An riga an ba wasu, miji da mata masu ƙafafu lafiyayyu. Babban jami'in da zai iya sauyawa yana wajen lodin kaya, sai ya gama. Mu kuma mun tsaya a mashiga mun tare hanya, mutane sun taru a bayanmu da akwatuna da ƙunshin kaya suna ta tsaki. Aka ce ko dai mu hau ko mu koma waje. Komawa waje kuwa, in jirgin nan ya tashi, sai an jira wani, kuma ba wanda ya san ko tsohon Takoradi zai jira.

Wasu ƙarti biyu na jirgin suka matso, ɗaya zai kama hammata ɗaya zai kama ƙafa, yadda ake ɗaukar buhu. Baba ya ɗaga musu hannu. Ya ce, a hankali, "In dai dole sai an ɗauke ni, na gida ya ɗauka."

Na waiga. Ba wani na gida sai ni.

Na tuɓe babbar riga na ba Asabe, na durƙusa na ba surukina baya. Ya saƙalo hannuwansa a wuyana. Mutumin da ban taɓa kallon tsakar idonsa ba, ga gemunsa yana gogar kunnena. Ga shi da nauyi, don duk ƙarfin da ya bar ƙafa ya tattara a ƙirji. Na fara hawa, gumi yana shiga mini ido.

Muna tsakiyar matakala na ji wani abu ya ce ɗas a ƙuguna. Tazugen sabon wandon nan ne. (Telan ya rasu tuntuni, na yafe masa, amma da ƙyar.) Wando ya fara sulalewa, a natse, ba gaggawa, ya wuce gwiwa, ya je ya kwanta a idon sawuna. Hannuwana biyu suna tallabe da Baba. In na saki ɗaya, mu biyu za mu gangaro. Ba dama in ɗaga ƙafa, wando ya dabaibaye ni. Na tsaya nan daga ni sai 'yar shara da ɗan kamfai, da suruki a baya, a saman kan jama'a.

Matan Ikko da ke ƙasa suka kwashe da dariya, wata har da tafi. Wani Bature da matarsa suka shiga kallon rufi kamar an rubuta musu wani abu a can. Na roƙi Allah jirgin ya nutse, bai nutse ba. Asabe ce ta hauro, ta sunkuya a gaban mahaifinta ta jawo mini wando, ta riƙe shi ta baya, muka ƙarasa hawan a haka, tana biye da ni kamar mai kai akuya kasuwa.

Ɗakin kam ya yi kyau, ba ƙarya. Ga gado, ga 'yar taga, ga teku. Ƙofarsa kuwa ko rabin keken ba za ta ɗauka ba, ga dokin ƙofa na ƙarfe, keken ma yana can ƙasa. Na sauke Baba a gado na koma gefe ina ƙulla tazuge, raina duk yana kan matan da suka yi mini dariya. Sai na ji ya ce, ba da ni yake ba, da tagar yake, "Tun ranar da aka fito da ni daga asibiti ba wanda ya goya ni."

A nan na gane. Ni wandona nake wa kuka, ashe abin da na tuɓe wa mutumin nan ya fi wando. Kuma da na sauka na tafi, haka zai zauna a ɗakin nan, ko bayan gida sai 'yarsa ta nemo ƙarti.

Da jami'in ya gama lodinsa Baba ya sa aka kira shi. Ya gaya masa da Turancinsa na bariki, da ƙarfi, ƙofa a buɗe, cewa shi gurgu ne, ɗakin ƙasa yake so. Ko minti biyar ba a yi ba aka gama. Masu ɗakin ƙasan har godiya suka yi, an mai da su sama. Abin da ya rage shi ne a sauko da Baba, kuma har yanzu ba wani na gida sai ni.

Ya ce, "Ɗaure wandon da kyau."

Muna saukowa, a daidai inda abin ya faru, ya sa baki a kunnena ya ce, "Malam, ni gurgu ne. Faɗa in ji."

Na ce, "Haba, Baba."

"Faɗa."

Na faɗa, murya can ciki.

Ya ce, "To, ka mutu?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Ni ma ban mutu ba. Sauke ni a kekena."

Ya isa Takoradi, ya sami wansa da rai, suka yi kwanakinsu tare. Ɗakin dawowa Asabe ce ta kama, kuma ba ta nemi shawarata ba. Ni kuwa na koma gida ni kaɗai a jirgin ƙasan nan mai gaishe-gaishe, ban sake ba malaman makarantarmu labarin Ikko ba.

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Ni na ɓoye ta surukina, sai aka ga tawa. Yanzu ga shi gwiwoyina sun gama aiki, da sanda nake zuwa masallaci, wani lokacin ma sandar ba ta isa. Kwanan baya jikata tana shirya mini wata tafiya a waya, na ji an tambaye ta lafiyata, na ji ta fara cewa, "Ai Kaka lafiyarsa..." Na ce ta miƙo mini wayar. Na gaya musu da bakina cewa ba na iya hawa bene, a ba ni na ƙasa, kusa da bayan gida.