Allon Damen Alhaji Osumanu

"Lafiya lau, sai dai zaman jiran amaryar da ta sha kaye," in ji Alhaji Osumanu, yana amsa gaisuwar jikarsa Mubarika.

A kan bencinsa ta same shi, bakin lungunsu na unguwar Nima, allon dame a kan gwiwa. Tun yana sayar da albasa a kasuwar Agbogbloshie yake da allon nan, kuma ko ɗansa na cikinsa bai isa ya ɗauke shi ba. Amma sati biyu da suka wuce, a gaban abokan bencinsa, baki ya ja shi. Mubarika da ɗan kawunta Tawfiq sun shiga kulob ɗin ces, wato darar Turawa, na unguwar Maamobi, za su buga wasa biyar-biyar da tsofaffin 'yan kulob don a ba su lambar wucin gadi, wadda ake ba sabon shiga kafin a san ainihin ƙarfinsa. Tsoho ya rantse in lambarta ta fi ta Tawfiq, allo ya zama nata. In kuwa ta gaza, ta bar ces, duk Asabar ta zo ta daka masa goro.

Mubarika ta zauna, tana danne dariyar da ta riƙo tun cikin trotro, motar hayar da ta kawo ta.

"Ango, wa ya ce maka na sha kaye?"

"Nima duka ta ji! Tawfiq ya ci huɗu, an ci shi ɗaya. Ke fa? Kin ci biyu, an lallasa ki biyu, ɗaya kuka yi canjaras. Ga turmi can na wanke miki. Ki daka da laushi, kin san haƙorana sun tafi hutu."

"Hutu? Ai sun yi ritaya tun kafin a haife ni. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, tsoho. Su wa Tawfiq ya ci?"

"Mutane mana! Ni na ba shi dabara. Na ce masa, ka duba mai rawar hannu ka zauna gabansa. Haka muke yi a bencin nan: wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya tashi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

"To, babba ya hango rami ya tura jikansa ciki. A ces ba yawan ci kaɗai ake dubawa ba, ana duba wanda ka ci. Ba kai ne ke cewa ba mai kama ka a lissafi duk Agbogbloshie ba?"

"Har gobe! Ina kallon lodin mota in faɗi buhunanta kafin direba ya kashe inji."

"Madalla. Ga yadda Malam Iddrisu mai koyar da mu yake yi. Kowane tsohon ɗan kulob yana da lambarsa. A tara lambobin mutum biyar da ka buga da su, a raba gida biyar, kamar ka zuba manyan albasa da ƙanana a buhu ɗaya ka fitar da farashin tsakiya."

"Wannan ko akuyata ta sani."

"Ragwayen da ka zaɓar wa Tawfiq, tsakiyarsu dubu ɗaya da ɗari uku. Duk cin da ka yi, ɗari huɗu gare ka. Duk cin da aka yi maka, ɗari huɗu a kanka. Canjaras ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Abin da ya saura a raba shi biyar, a ɗora a kan tsakiyar. Bismilla, sarkin lissafi."

Tsoho ya lumshe ido, leɓensa na motsi. Bai iya ganin lissafi a ƙasa ya tsallake ba, kuma Mubarika ta san haka.

"Ci huɗu, a fitar da ɗaya, saura uku. Dubu da ɗari biyu. A raba biyar, ɗari biyu da arba'in. Dubu ɗaya da ɗari biyar da arba'in!" Ya buga allo da tafin hannu. "Jikana ke nan! Ke kuwa biyu ta cinye biyu, ko ƙwayar gero ba a ƙara miki ba."

"Gaskiya ne, ba a ƙara min komai ba. Sai dai ni manya na tunkara, har da shi Malam Iddrisu. Tsakiyarsu dubu ɗaya da ɗari shida."

Alhaji Osumanu ya gyara zama. Ya dubi allo, ya dube ta.

"Sake faɗa, mota ta wuce ban ji ba."

"Ba motar da ta wuce. Dubu ɗaya, da ɗari shida. Wanne ya fi, ango?"

"Wannan lissafin 'yan damfara ne! Mutum ya sha duka sau biyu a ce shi ne gaba? To ni ma gobe in je in tsokani ɗan damben Bukom, ya zubar da ni, ku naɗa ni sarkin yaƙi!"

"In ka zubar da shi sau biyu kafin nan, da kaina zan naɗa maka rawanin. Kai dai ka tura yaro farautar ɓera, ni na tafi ta ɓauna."

"Lambar wucin gadi ce fa, ke kika faɗa. Gobe iska ta kwashe ta."

"Ita za ta iya sauka ko ta hau. Rantsuwarka ce ba ta wucin gadi ba, abokan bencinka duk sun ji."

"Ban yarda ba sai na ji daga bakin Tawfiq."

"Ina yake? Yaushe Tawfiq ya taɓa fashin kokon safe a gidan nan? Yau kwana nawa ba ka ga ƙeyarsa ba?"

Tsoho ya dubi allon. Sai kuma fuskarsa ta washe, kamar wanda ya hango ƙofar gudu.

"To ai allon ba zai yi miki ba! Na dame gida goma-goma ne, naku na ces takwas-takwas. Kin gani? Allah ya kiyaye mai gaskiya."

"Na tsaya wurin Gafaru kafinta kafin in iso. Ya ce layi biyu ta nan, layi biyu ta can, kafin azahar ya gama. Yana wasa zarto yanzu haka."

"Zarto! A jikin allona? Ke ba amarya ba ce, annoba ce! Na sake ki, saki uku!"

"Na karɓa. Allon ne kuɗin sallamata."

Dariya ta ƙwace wa Alhaji Osumanu har hularsa ta zame. Ya share ido, ya goge allon da bakin rigarsa, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Karen bana shi ke maganin zomon bana. Ungo. Amma ki ce wa Gafaru guntayen da ya yanke nawa ne, ya kawo min."

"Me za ka yi da su?"

"Tawfiq zan ba. Shi zai riƙa daka min goro a kai."