Mushe Balarabe da Auren Yayarsa

Allah ya yi wa garin Agiye baiwa da ya ajiye mata Mushe Balarabe, tsohon daraktan lakol, wato shugaban makarantar boko (a can malamin boko ake ce wa Mushe), wanda ya naɗa wa kansa rawanin Limamin Masoya. Littafi ɗaya ya rubuta, labarin tsoho da tsohuwa da suka so juna har ya kai ga aure. Tun daga nan ko gaisuwa ka yi masa sai ya amsa maka da babi.

"Jama'a, furfura ba ta kashe zuciya!" in ji shi a gidan rediyo, yana gyara tabarau kamar masu saurare na ganinsa. "Marubutan zamani sun tsaya kan yara. Ni kaɗai na ba tsofaffi haƙƙinsu."

Ana nan sai Bakari, wani dattijo makiyayi daga Gidan Sori, ya yi sallama da goronsa. Habi yake so, yayar Mushe, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, take zaune a gidan Mushe tana yi masa tuwo da wanki.

Limamin Masoya ya kusa haɗiye tabarau.

"Aure? Da jikoki? Yaya, so kike a yi da ni a kasuwar Cadawa?"

"To ba sonsa nake ba, Balarabe, kamar a littafinka?" in ji Habi.

"Wancan adabi ne! Nan kuwa gidan mutunci ne!"

Gaskiyar da bai faɗa ba, ita ce wa zai tuƙa tuwon.

 Habi ta aika wa wani ƙanensu, shi ya karɓi waliccin. Mushe ya rantse ƙafarsa ba za ta taka wurin ba. Amma da ya ji gari ya cika, har 'yan rediyo sun zo, sai ga shi da babbar riga yana ture mutane.

"Wannan aure ɗan alƙalamina ne!" ya faɗa da ƙarfi. Ya dafa kafaɗar ango, ya jawo shi gaban na'urar ɗaukar magana. "Malam Bakari, faɗa wa duniya, wane babi na littafina ya ba ka ƙarfin hali?"

Bakari ya dube shi cikin ladabi, ya ce, "Ayya, Mushe, ashe kana rubutu?"